Kyanwar Rumbun Malam Sale

A shekarun da na yi ina mataimakin likitan dabbobi, ranar da ba ta fita raina ita ce wadda Malam Sale, wani manomi daga Kiyako, ya kawo mana kyanwa a cikin kwando. Da yake da shanu da awaki muka saba, sai abokan aiki suka hau dariya. Ni ban yi ba, don na ga kumatunta a kumbure, yawu yana dalala.

Likita ya duba, ya ce haƙora biyu sun ruɓe har cikin dasashi, sai an cire. Aka yi mata allurar barci, na riƙe bakin, ya cire su ya ɗinke. Ba yabon kai ba, aiki ya yi kyau. A ƙa'idarmu mataimaki ne ke yi wa mai dabba bayanin jinya, don haka na ce, "Malam, kwana bakwai abinci mai laushi kawai, ban da ƙashi." Ya ce to, ya ɗaure kwandonsa a babur.

Bayan kwana huɗu rigakafin shanu ya kai ni garinsu, na ce bari in leƙa majinyaciyata. Na tarar da ita kwance a gindin rumbu, haƙarƙari a waje, ko kai ba ta iya ɗagawa. Na buɗe bakin, ɗinki lafiya lau, ba mugunya.

"Malam, me kuke ba ta?"

Ya dube ni da mamaki. "Ba ta? Ai mu ba ma ba ta komai. Kyanwar rumbu in ta ƙoshi, ɓera ya samu gari. Da ka hana ƙashi na ce to, dama can ba ma bayarwa."

Raina ya ɓaci, amma kaina na zarga. Na tsara jinya kamar kyanwar tana da kwano, alhali da bakinta take farauta, bakin da muka ɗinke.

Na ce a dafa ƙwai a murmushe a romo. Malam Sale ya noƙe. "In ta saba da kwano fa?"

"In ta mutu fa, Malam, wa zai tsare maka dawa?"

Sai ya ƙwala wa matarsa Inna Hauwa kira. Da cokali na fara ɗiga mata romon. Can sai ta soma lasa da kanta, na ji sanyi har cikin raina.

Mako biyu bayan nan Malam Sale ya tare ni a kasuwa. Ya ce ta warke, ta koma farauta, sai dai kullum da safe tana zaune gaban Inna tana jiran nata. "Ka ɓata min ita," in ji shi, yana dariya.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙe wannan. Mutanenmu ba mugunta gare su ba, kowane gida da yadda yake riƙon dabbarsa. Kafin ku faɗi abin da za a ba ta, ku fara tambaya ko akwai mai ba ta.