Ranar da Alhaji Sabo ya yi wa Janar ɗura

Ban taɓa mantawa da wata Talata a lokacin mangwaro na shekarar 2000 ba. Ina mai ɗaukar hoton ƙashi a wani ƙaramin asibitin dabbobi a Agege, sai ga Alhaji Sabo, dillalin shanu a Oko-Oba, da ragonsa na karo mai suna Janar. Kwana biyu ragon ba ya haɗiyar komai, sai dalalar da miyau.

Likita ta ce a ba shi bariyom a ɗauki hoton maƙoshi. Wani farin ruwa ne mai kauri kamar kunu, wanda ke fitowa fes a hoto, ya nuna inda hanya ta toshe. Ƙa'idarsa ɗaya: kaɗan-kaɗan da sirinji ta gefen baki, kai a daidai, dabba ta haɗiye da kanta. In ya kuskure ya bi hanyar iska, sai huhu.

Na yi sirinji biyu, aka ɗauke wuta. Na ajiye kofin bariyom ɗin, na fita tayar da janareto.

Ina dawowa na tarar Alhaji ya ɗaga kan Janar sama, ya kama harshe, kofi wayam.

“Oga, na rage maka aiki,” in ji shi. “Shekara talatin ina yi wa shanu ɗurar kanwa, kai kana wasa da abin allura.”

Janar ya turnuƙe da tari. Na yi maza na ɗauki hoto. Hoto ya fito: ga ƙwallon mangwaro a maƙoshi, ga farin ruwa ya yi rassa a huhu kamar bishiya.

Likita ta nuna masa. “Alhaji, ƙwallon nan ɓarnar Janar ce. Rassan nan kuma taka ce.”



Aka ciro ƙwallon, aka yi mako ana yi wa Janar allura. Alhaji kullum yana tsugune gefensa har da hawaye. Janar ya tashi, amma taku goma sai haki, karo ya ƙare.

“Ba komai,” in ji Alhaji. “Janar-janar na gaske ma sun yi ritaya bara.”

Ku yaran yanzu, ba wanda bai iya ba ne abin tsoro a aikin nan, shi yana tambaya. Ku ji tsoron gwani mai son taimako. Ni dai tun ranar, har na bar aiki, da kofina a hannu nake zuwa tayar da janareto.