Ranar da Na Kifar da Miya a Kujerar Sarjan

Yanzu na tsufa, abubuwa da yawa sun zube daga kaina, har sunayen jikokina nakan cakuɗa. Amma ranar da na kifar da miya a kujerar surukina, wannan kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

Tun kafin yaƙin Turawa na biyu ne, ina amarya a Gure, watana huɗu da tarewa. Daga wani ƙauyen Damagaram aka kawo ni, gidan da na shigo kuwa Barbarci suke yi a tsakaninsu, Hausa sai a kasuwa ko in za a yi magana da ni. Mijina fataucin kanwa yake yi, yakan yi wata ba ya gida. Saboda haka zamana duk da iyayensa ne.

Mahaifinsa tsohon soja ne, kowa sarjan yake ce masa, ni kuwa Baba nake kiransa. Ya dawo daga yaƙin farko da rauni a ƙugu, ba ya iya zama a tabarma sai da azaba. Wani Bature da ya yi wa gadi a bariki, da zai koma ƙasarsu, ya bar masa doguwar kujera mai laushi, an lulluɓe ta da yadi, cikinta cike da audugar rimi. Shi yana kiranta kanafe, mutanen unguwa kuwa gadon Nasara suke cewa. A kanta yake wuni, a kanta yake karɓar baƙi, har salla a kanta yake yi in ƙugun ya motsa. Ba wanda ya taɓa cewa kada a zauna mata, kuma ba wanda ya taɓa zama.

Surukata, wadda nake kira Inna, doguwar mace ce marar yawan magana. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, ba ta kuma taɓa yi mini dariya ba. Tsoronta nake ji fiye da na kowa a gidan.

Wata rana da damina Baba ya tafi ta'aziyya Kelle a kan raƙumi, zai kwana biyu. Washegari da hantsi Inna ta fita barkar haihuwa. Na ɗumama tuwon gero da miyar kuka, na zuba man shanu har yana yawo a sama. Ina tsaye da ƙwarya a hannu sai wani tunani ya zo mini: yau dai sai na ji abin da Nasara ke ji in suna cin abinci a kan laushi. Ƙuruciya ke nan. Na shiga ɗakin Baba a sace, na zauna, na nutse kamar an ɗora ni a kan gajimare. Loma uku na yi. A ta huɗu na ji sallamar Inna a zaure, ashe ta manta goron da za ta kai. Na zabura, ƙwaryar ta kife.

Ban san lokacin da na ruga na cicciɓo tulu ba. Na ɗaga shi ke nan zan kwara wa kujerar ruwa, sai na ji an riƙe mini hannu ta baya.

"Ajiye," in ji Inna.

Na ajiye, na durƙusa. Ina jiran ashar ko mari. Ita kuwa ko kallona ba ta yi ba, kujerar take kallo, kamar ungozoma a gaban mai naƙuda.

"In ruwan nan ya shiga rimin ciki, da damina, ba zai bushe ba. Zai ruɓe, ya yi wari, Babanku ya koma tabarma. Tashi, 'yar nan. Kawo mini sakaina da dusar da kika sheƙe jiya."

Ta sa gefen sakainar ta kwashe miyar a hankali, daga baki zuwa tsakiya, ba ta bari ta ƙara faɗi ba. Na miƙa hannu zan goge da zanena, ta kaɗa kai. "Kada ki murza. In kin murza, kin tura shi ciki." Sai ta barbaɗa dusa har ta rufe wurin, ta danna da tafin hannu, ta ce mu fita. Na ce, "Inna, shi ke nan?" Ta ce, "Dusa na cin abincinta. Ba a tsaya wa mai ci a ka."

Barkar da ba ta je ba ke nan. Sau uku muna share dusar da tsintsiya mai laushi muna zuba sabuwa, kowace ta fito da danshin mai. A na huɗu ta sa tokar da ta tankaɗe da kanta. Kafin azahar maiƙon ya tafi, saura tabo kore-kore, faɗinsa kamar faifai.

Daga nan ta sa na ɗora ruwa, ta ce kada ya wuce ɗumin da za a yi wa jariri wanka. Ta jefa ɗan gutsuren sabulun salo da kanwa kamar ƙwayar gero biyu, ta ba ni maburgi na yi ta burgawa har kumfa ya cika ƙwarya. Ta yago ƙyalle daga wani tsohon farin rawani, ta ɗebi kumfan kawai, ban da ruwan. Amma ba ta fara da tabon ba. Sai da ta zagaya bayan kujerar, wurin da ke jingine da bango, ta ɗan shafa, ta jira, ta duba ƙyallen ko launin yadin ya biyo shi. Da ta ga bai biyo ba, sannan ta ce bismillah.

Har yau ina ganin hannuwan nan nata. Ta dangwala, ta ɗaga, ta juya ƙyalle, ta sa busasshe ya tsotse. Ba gaggawa, ba tsaki. Can ta miƙo mini ƙyallen ta ce, "Ke ma yi, hannunki ya koya."

Tabon ya fita, sai wata matsalar ta ɓullo. Inda muka wanke ya yi fes, sauran kujerar kuwa ta yi dauɗar shekaru, har wurin ya fi tabon tona asiri. Na fashe da kuka. A nan ne na fara jin dariyar Inna, gajeriya, ta hanci.

"To, amarya, kin jawo mana aiki. Sai mu bi ta duka."

Muka bi ta tafi bayan tafi. Ashe kujerar da kowa ya sani ruwan ƙasa, shuɗiya ce, da ƙananan furanni farare. Muka ja ta rumfa inda iska ke ratsawa, don Inna ta ce rana za ta cinye launin. Muna fifita da faifai sai hadari ya haɗo daga gabas. Da kyar muka kinkime ta, ni da tsohuwa, muka shigar ɗaki, ɗigon farko yana sauka a bayanmu. Ta ajiye kaskon garwashi nesa kaɗan, ta zuba turaren wutarta na Barebari wanda ba ta fito da shi sai da salla.

Da safe kujera ta bushe ƙarau. Sai wata 'yar inuwa da ta rage a inda miyar ta zuba, wadda sai wanda ya sani zai gani. Na tambaye ta a hankali, "Inna, me za mu ce wa Baba?"

Ta ce, "Ni dai na wanke kujera. Bakinki kuwa naki ne."

Baba ya iso da la'asar, a gajiye, yana dogara sanda. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe bai shiga ba. Sannan ya taka ya shafa furannin da yatsa, ya ce da Inna wani abu da Barbarci, muryarsa ƙasa-ƙasa. Daga baya na ji, ashe cewa ya yi haka take ranar da aka ba shi ita.

Da na yi shiru, da ba wanda zai sani. Amma na kasa. Na durƙusa daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa, na faɗi komai, har loma ukun. Sai na ji ya ce, "To, da daɗin zama?"

Na ce, "Da daɗi, Baba."

Ya yi dariya har da tari. "Ni da aka ba wa, sai da na yi wata biyu ina kewaya ta kafin in iya zama. Ke kin fi sarjan ƙarfin hali. Tashi, Allah ya yi miki albarka."

Shekara ashirin da wani abu na zauna da Inna bayan haka. Mun saɓa ba sau ɗaya ba, kamar kowace suruka da matar ɗanta, amma ko sau ɗaya ba ta tayar da maganar nan ba, ko ga ɗanta, har Allah ya karɓi ranta.

Abin da na koya a wunin nan ya wuce wankin kujera. In wani ya yi ɓarna a gabanka, ya riga ya san ya yi, faɗanka ba zai ƙara masa sani ba. Riƙe masa hannu kada ya ƙara wata cikin ruɗewa, ku gyara tare, sannan ka bar masa gaskiyarsa ya faɗa da bakinsa. Na aurar da 'ya'ya maza huɗu, matansu sun fasa mini tukwane, sun ƙona mini zannuwa. Duk lokacin da faɗa ya taso mini har maƙogwaro, sai in haɗiye shi, in ce, "Tashi, 'yar nan, mu ga abin da za a yi."