Sharar da Na Ƙi Yi

Cikin shekaru tara da na yi ina aiki a Legas, safiya ɗaya ce ta ƙi fita daga raina, ita ce safiyar Talatar da na jingine tsintsiya na ce ba zan yi shara ba. Na rubuta wannan saboda 'yan ajinmu na yaƙi da jahilci, da ƙannenmu da ke barin gonakin Watari suna tafiya kudu neman aiki.

Wurin aikina wani gida ne na ajiye kayan fasaha, kusa da bakin ruwa, wanda wani mai hali ya gina. Ba a sayar da komai a ciki. Mutum zai yanki tikiti, ya shiga ya kalli zane-zane da sassaƙa da tsofaffin tufafi, ya fita. 'Yan makaranta sukan zo mota guda, Turawa su zo da kyamara, wasu ma a yini ɗaya sai su zaga gidaje uku irin namu. Iro mai gadi, mutumin Shanono, yakan tsokane ni ya ce, "Sa'idu, ka yar da garma ka zo yi wa gumaka shara." In ce masa, "To, kai da kake gadinsu fa?"

Ga yadda tsarin yake. A sama akwai Madam, ita ke kula da kayan duka. Ƙarƙashinta akwai Oga Sande, shugaban masu shara. Sai mu. Ba a yarda mu taɓa kaya ba, kuma igiyar da aka gitta a gabansu tsintsiya ce kaɗai ke da izinin tsallaka ta. In ka ga wata ɓarna, sai ka rubuta a littafin rahoto, Madam ta karanta a ƙarshen mako. Abin da ba ya cikin littafin nan, a wurinsu bai faru ba. Ni kuwa lokacin ko sunana ban iya rubutawa da boko ba.

A ɗaki na biyu akwai wani tsohon ƙyaure na katako, ya fi ni tsayi, an sassaƙa masa manoma da makaɗa da mata masu goyo. Aronsa aka karɓo daga wani gida a ƙasar Yarbawa, kuma a gabansa baƙi suka fi daɗewa. Wata safiya cikin damina na ga ɗan gari a gindinsa, mai laushi, mai haske kamar garin gero. Na share. Washegari ya dawo, a daidai wurin.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake da rumbu ya san wannan garin. Shi ake gani a ƙarƙashin ƙwarya ko ƙotar fartanya in ƙwaro ya shige ta. Ƙura baƙa-baƙa ce, kuma ko'ina take sauka. Wannan kuwa sabo ne, wuri ɗaya yake zuba, alamar mai yin sa yana da rai, yana ciki yana ci.

Na gaya wa Oga Sande. Ya ce, "Aboki, ƙura ce, share." Bayan mako guda na sake gaya masa. Ya ce, "Ga littafi can, rubuta." Ya san ba zan iya ba. Na ɗauki biro na rubuta da ajami, yadda Malam ya koya mana a zaure. Ya duba, ya yi dariya, ya ce wa zai karanta wannan tonon kaji, ya yage shafin. Na roƙi abokan aikina su rubuta mini, kowa ya noƙe, don mai rubutu shi ke sa hannu. Ita kuma Madam ba ta isowa sai mun gama shara mun koma baya. Wata biyu ke nan kullum ina share shaidar da hannuna.

Sai aka sanar da mu cewa ranar Talata masu ƙyauren za su zo ganin kayansu, Madam da kanta za ta zaga da su. Litinin ba a buɗe gidan, don haka da na shiga ranar Talata na tarar garin kwana biyu ya taru, tsibi uku ƙanana. Na share ɗakin tsaf, na bar wurin. Na san abin da nake yi. A gidan nan ƙin bin umarnin shugaba kora ce, kuma ɗakin da nake kwana na gidan ne, ga yara biyar a ƙauye suna jiran abin da zan aiko.

Saura kaɗan ƙarfe goma Oga Sande ya shigo dubawa.

"Aboki, mene ne wancan?"

"Sunana Sa'idu, Oga. Wancan kuma garin ƙwaro ne."

"Share shi yanzu."

"Yau kam ba zan share ba."

Ya fizge tsintsiyar. Na matsa na tsaya a bakin igiyar, na haɗa hannuwana a baya don kada a ce na taɓa shi. Na ce, "Tsintsiyar taku ce, riƙe ta. Amma sai dai ka haɗa da ni ka share." Iro ya leƙo daga ƙofa yana cewa ƙasa-ƙasa, "Malam Sa'idu, tuna da yara." Na ce, "Na tuna."

Muna cikin haka Madam ta shigo da baƙi, su kamar takwas, a gabansu wata tsohuwa da sanda. Oga ya yi sauri ya ce wannan mai sharar ya ƙi aiki, kuma ya riga ya sallame shi. Madam ta dube ni, ta ce in fita, za a yi magana daga baya. Ban fita ba. Na matsa gefe ɗaya kawai, na nuna ƙasa, na ce da ɗan Turancin da na tsinta, "Madam, wata biyu ina share wannan. Kullum yana dawowa."

Tsohuwar ce ta fara sunkuyawa. Ta sa aka ɗaga mata igiyar, ta ɗebi garin da yatsu biyu ta murza. Sannan ta ƙwanƙwasa gindin ƙyauren da kan sandarta a hankali, sai ga wani garin ya zubo. Ta yi magana da Yarbanci, ɗanta da ke cikin baƙin ya fassara: kakanta ne ya sassaƙa shi, ya yi shekara da shekaru a gidansu ba abin da ya same shi, ga shi an kawo shi gidan masu ilimi ana ci. Ta juyo gare ni ta ce, "Malam, kai manomi ne?" Na ce, "Eh, Mama." Ta ce, "Na gani."

Madam ta tambayi me ya sa ba a rubuta ba. Na ce, "An rubuta, Madam. Ba a iya karantawa ba ne."

A ranar aka rufe ɗakin. Aka naɗe ƙyauren a leda aka kai wa masu maganin ƙwari, aka kuma sami wasu kaya biyu da ƙwaron ya fara shiga. Ƙyauren ya tsira, amma layin manoman da ke can ƙasa ya riga ya zama ɓawo, bai dawo ba. Da an ji ni tun fari, da suna nan.

Kada ku ɗauka an tafa mini. An ba ni takardar tuhuma saboda na yi gardama a gaban baƙi, na dangwala yatsa ban san abin da ke ciki ba, aka dakatar da ni mako guda. Amma ba a kore ni ba. Daga nan kuma duk Talata Madam kan zo da sassafe, ta tsaya ta ce, "Malam Sa'idu, me tsintsiyarka ta gani?" Na ƙara shekara huɗu a gidan kafin in dawo gona don raɗin kaina.

Abin da na koya shi ne, a irin wannan aiki baƙo da mai gida duk sama suke kallo, mai shara ne kaɗai ke kallon ƙasa, kuma daga ƙasa ɓarna ke farawa. In an ce ka share abin da ka san shaida ce, ka yi ladabi, kada ka ɗaga murya, amma kada ka share. Sannan ka nemi rubutun da masu littafin ke karantawa, don kada a ƙara samun wanda zai yage maganarka.

Shi ya sa da furfurata nake zama a benci a firamaren garinmu bayan la'asar. Ranar da malaminmu ya ce kowa ya rubuta jimla ɗaya da yake so, wasu suka rubuta sunayen 'ya'yansu. Ni na daɗe ina jan fensir, na goge sau uku, sannan na miƙa masa. Ya karanta, ya ce, "Malam Sa'idu, wane ƙyaure kuma?" Abin da na rubuta shi ne: Akwai ƙwaro a cikin ƙyauren.