Yashin Goshin Inna

Tun Turawa ba su tafi ba nake zaune a Fagge da maigidana, ma'aikacin tashar jirgin ƙasa, da mahaifiyarsa da muke kira Inna. Gwiwoyinta sun daɗe da ƙin lanƙwasuwa. A zaune take salla, ƙafafu a miƙe, ta ɗan sunkuyar da kai a madadin sujada. Malamin unguwa ya ce hakan ya isar, Allah ya san uzurinta. Inna ta ce ta ji, amma ita so take goshinta ya sake taɓa ƙasa kafin a saka ta a cikinta.

Tana da ƙawa Bayarabiya mai sayar da manja a kasuwar Sabon Gari, wadda ta girme ta amma tana durƙusawa kamar budurwa. Ita ta gaya mata zama ne ke kashe gwiwa. Shi ke nan fa, Inna ta ɗauki sanda. Mu matan aure muna kulle, tsohuwa kuwa ba mai tare ta, sai ta kwashe aiken gidajen layinmu kaf. Wannan a sayo mata barkono, waccan a kai mata niƙa. Kullum da hantsi ta kama hanyar Sabon Gari tana ɗingishi tana jan carbi. In ta dawo sharkaf da gumi, ta dafa turmi tana gwada durƙuso, tana yi wa gwiwar faɗa kamar 'yar da ta haifa.

Kunya ta ishe ni. A gidan suna na ji ana cewa matar ɗanta ta mai da ita 'yar aike. Ni da ko ido ba na iya haɗawa da ita!

"Inna, don Allah ki zauna ki huta, zaginmu ake yi."

"Su zage ku mana. Zaman da na yi a baya me ya tsinana mini?"

Rani ya wuce, damina ta wuce. Wata la'asar muna salla a kan yashin tsakar gida, na yi tawa irin wadda na saba, sama-sama kamar kaza na tsattsagar tsaba, don miya na kan wuta. Ina sallamewa na waiga, sai ga Inna kife, fuska a ƙasa. Na jira ta ɗago, shiru. Na kira ta, shiru. Na ɗora hannu a ka na kurma ihu ina salati, matan maƙwabta suka shigo a guje. Wata har ta ce a aika tasha a kira ɗanta, sai muka ji kabbara, Inna ta ɗago a hankali. Haka muka tsaya cirko-cirko har ta idar.

Ta dube ni, idanunta jawur, hawaye na bin kumatunta.

"Ke yanzu in kin ga sujada ba kya gane ta?"

Matan suka sulale suna dariya ƙasa-ƙasa. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Don in samu abin yi, na durƙusa na kama gefen mayafina zan share mata yashin da ya manne a goshinta. Ta buge hannuna.

"Bar mini abina, da ƙafata na je na samo shi. Ina naki?"

Na shafa goshina. A yashin nan na yi salla, kusa da ita, amma ko ƙwaya ɗaya babu.