Malam Ya'u da Alamar Kaso

Malam Ya'u ɗan Ƙofar Jatau ne, kuma tun yana saurayi yake magatakarda a wata makarantar kuɗi da ke cikin ganuwa. Duk ƙarshen zango malamai kan turo masa sakamakon ɗalibai a jumla: “Nana ta samu 78% a Lissafi, ta ƙara himma.” Shi kuma sai ya bi layi-layi a kwamfuta, yana tsamo lambar yana zubawa a wani gida daban na jadawalin don a fitar da na ɗaya da na biyu. Aikin kan cinye masa kwanaki, amma yana jin daɗinsa, domin a lokacin har shugabar makaranta, Hajiya Khadijat, lallaɓa shi take yi.

Sai aka ɗauki Suhail, ɗan ƙanwar mahaifinsa, aiki a matsayin malamin kwamfuta. Tare suka tashi, Ya'u ne ma ya koya masa keke. Ranar da Suhail ya tarar da shi yana wannan aiki, ya ce, “Yaya Ya'u, matsa kaɗan.” Ya rubuta wata dabara a kwamfutar wadda ke neman alamar kaso, wato %, a cikin jumla ta ɗauko lambobi biyun da suka zo kafin alamar. Ya ja ta ƙasa, gidajen suka cika nan take.

Hajiya Khadijat ta yi ta sa albarka, ta kira malamai su zo su gani. Ya'u ya yi murmushi tare da kowa, amma ranar ko abinci bai iya ci ba.

Ya koma bin aikin Suhail yana neman aibu, har ya samu. Wata ɗaliba, Ibtisam, ta ci 100% a Larabci, dabarar kuwa ta ɗauko sifiri biyu kawai, yarinyar ta faɗo can ƙasa. Ya'u ya jira sai da ofis ya cika, sannan ya ɗaga murya: “Malam Suhail, na'urar taka ta kayar da mai hazaƙa!”

Suhail ya leƙa allon, ya dafe kai. “Wallahi gaskiyarka, Yaya. Allah ya saka da alheri.” Ya gyara dabarar ta riƙa komawa baya daga alamar har sai ta ci karo da fili, ko lamba ɗaya ce ko uku. Sannan ya je da ƙafarsa ya gaya wa Hajiya cewa Malam Ya'u ne ya ceci sakamakon.

Wannan ya fi komai ƙona wa Ya'u rai. A gida matarsa Barira ta ce, “Wai me yaron nan ya yi maka ne, Malam?”

“Ba abin da ya yi mini,” in ji shi. “Ko haushi ba ya ji.”

Bayan hutu ya yi rajista a asirce a wani ajin kwamfuta na safiyar Asabar a Gyallesu, nesa da idon 'yan unguwa. Yana zama, malamin ajin ya shigo, ashe Suhail ne. Ya'u ya yi kamar zai tashi, sannan ya gyara zama a kujerar baya. Har yanzu yana zuwa. Ya fi kowa tambaya, kuma bai taɓa cewa ya gamsu da amsa ba.