Ranar da Na Wanke wa Ɗiyata Shuni Na Kai Ta Lilo

A shekarun farko da ƙasarmu ta karɓi mulkin kanta, ni matashin tela ne a kasuwar Dakoro, da keken ɗinki ɗaya a cikin rumfar zana, da aji huɗu na lakwal, wato makarantar boko, a kaina, da zuciya mai yawan mafarki. Fataken da ke kai hatsi Nijeriya sukan dawo mini da ƴan littattafan nan na kasuwa masu siririn bango, ina karanta su tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ba mai kawo ɗinki. A cikinsu kullum akwai wanda ke ƙaunar wani har ya yi masa abin da ba a taɓa gani ba, ni kuma na ɗauka haka ƙauna take, sai an yi babban abu. Matata ta rasu ta bar mini ɗiya ɗaya mai shekara uku. Ba zan faɗi sunanta ba, ɗiyar fari ce, ko a gida ban taɓa kama sunan ba. Zabiya ce. Fatarta fara fat kamar madarar da aka tatso yanzu, idanunta kuma ba sa jure haske, in ta fito tsakar gida da hantsi sai ta runtse su ta kare da hannu. Mai kula da wannan shafi, na daɗe ina riƙe da abin da zan faɗa, yau dai na ga gara in sauke shi.

Bayan sadakar arba'in surukata ta zo daga Korahane don ta tafi da yarinyar, kamar yadda aka saba. Na ƙi. Ba ni da uwa, ba ni da ƴar'uwa a garin, in aka ɗauke ta daga ni sai keken ɗinki. Tun da ba ma magana ido da ido da surukata, baffana ne ya shiga tsakani, aka yi ta kai da kawo har aka tsaya a kan sharaɗi. Yarinya za ta zauna wurina muddin ba ta shiga rana daga hantsi zuwa la'asar, kuma ba a raba ta da malfa da turkuɗi, wato baƙin zanen nan na Buzaye mai zubar da shuni a jiki. Tsohuwar ta ce a wurin matan Buzaye ta ga haka, zanen yana rufe fata, rana ba ta cin ta. Ta ce duk ranar kasuwa za ta zo ta duba, ranar da ta tarar an saɓa kuwa, ranar za ta ɗora jikarta a kan jaki.

Shekara uku muka yi a haka, kuma su ne shekarun da suka fi mini daɗi a duniya. Tun sanyin safiya nake goya ta a kafaɗa zuwa rumfa, abin da ya sa dattawa ke harara ta, wai ba a nuna wa ɗan fari so haka a fili. Tana zama ƙarƙashin teburin keke inda inuwa ta fi kauri, tana tara ƙyallaye, tana kai kowanne dab da hancinta kafin ta gane launinsa. Abu ɗaya ne ke ci mini rai, shunin nan. Ya rina mata wuya da hannuwa da kumatu har ta koma shuɗiya. Kakarta takan tsokane ta da cewa ga ƴar marina ta fito, a kawo fari a tsoma a jikinta, su yi ta dariya su biyu. Yaran kasuwa kuwa suna kiran ta baturiyar Buzaye. Ni ban taɓa dariya ba. A raina ina cewa an ɓoye mini kyawun ɗiyata cikin baƙin tsumma, wata rana sai duniya ta gan ta yadda Allah ya yi ta.

Cikin tsakiyar bazara wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, ya kawo ɗinkin wando, ya zauna yana ba mu labarin kermes, wato bikin wasanni, da ake yi a Maradi. Ya ce wani Kwara, mutumin ƙasashen bakin teku, ya kawo lilo mai inji, yana juyawa da kansa, an rataya masa ƴan motoci da ƴan jirage na kwano masu fenti, yara na shiga suna shawagi sama da kan mutane. Yarinyar ta leƙo daga ƙarƙashin tebur ta tambaye shi ko jirgin yana kai mutum inda tsuntsaye suke. Ya ce har ya wuce. Tun daga wannan lokaci na daina ganin komai sai ita cikin jirgi tana ɗaga mini hannu. Akwai hoton wata yarinya a bangon ɗaya daga cikin littattafaina, sanye da riga mai gajeren hannu da faɗin wuya. Na yanko yadi ruwan ɗorawa, mafi tsada a rumfata, na ɗinka irinta sak.

Ranar kasuwa surukata ta tarar da rigar a rataye. Ta daɗe tana kallon ta, sannan ta juya wajen jikarta ta ɗaga murya yadda zan ji, ta ce ta tambayi mai rumfar nan ko yadi ne ya ƙare a kasuwar Dakoro da ya ɗinka riga ba hannu. Ta ƙara da cewa a gaya masa kuma watan nan ko jaki neman inuwa yake. Na sunkuyar da kai na ƙara taka keke don ƙararsa ta rufe maganar. Da ta maimaita, sai na ce wa yarinyar ta gaya wa Inna rigar ta ɗiyar wani komi ce, ma'aikacin ofis. Ƙarya na yi, kuma a bakin ɗiyata na saka ta.

Kwana biyu bayan haka, da asuba, na zaunar da ita a kwatarniya na wanke ta da sabulu mai ƙamshi. Ruwa uku na canza kafin shunin ya fita. Na kawo man gyaɗa na haɗa da turare na mulke ta da shi tun daga goshi har ƙafa, kamar yadda ake yi wa kowane yaro ranar salla, har ta riƙa sheƙi. Malfar na bar ta a kan gado don kada ta ɓata kitso. Da na saka mata rigar, na ja da baya na dube ta, wallahi sai da hawaye suka zo mini, don kamar uwarta ce ta dawo ƙarama. Ta shafa hannuwanta da ba ta saba ganin su a buɗe ba, ta tambaye ni ko Inna ta sani. Na ce wannan sirrinmu ne mu biyu.

Direban ya yi mini alkawarin wurin zama a gaba, amma a tasha muka tarar da wani dattijon Alhaji mai ciwon ƙafa, ba yadda za a yi in zauna cikin inuwa shi ya hau kan kaya. Na bar masa wurin. Ya ce to a ba shi jikar tasa ya riƙe a cinya, ta maƙale mini ta ƙi, ni ma ban matsa ba, don ina so in riƙa nuna mata hanya. Muka hau kan buhuna. Mun wuce Sabon Maci kaɗan motar ta kafe cikin rairayi, aka yi ta tono da turi har rana ta take tsaka. Wata Bafillatana da ke kusa da mu ta yafa wa yarinyar gefen mayafinta, ta dube ni ta tambaya ko ɗiyar tawa ce ko aro na yi, don wanda ya haifa ba ya shanya irin wannan a rana kamar kuɓewa. Mutane suka yi dariya, ni ma na yi ta yaƙe. Na bar mayafin a kanta, amma muna shiga Maradi na janye shi, don a ga rigar.

Filin kermes ɗin ba itace ko ɗaya. Ga kiɗa, ga masu alewa, ga lilon can tsakiya yana walƙiya, ya ma fi yadda na zana shi a raina. Muka shiga layi. Ta cusa fuskarta cikin rigata ta ce Baba ƙasa tana haske, ta kasa buɗe ido. Na ce ta daure, yanzu za ta ga abin mamaki. Jim kaɗan ta ce ƙishirwa take ji, na ce sai mun sauko, kada a ƙwace mana wuri. Mutane suka kewaye mu suna kallo, wasu na taɓa gashinta, ni ina ta jin daɗi wai kyawunta suke yabawa. Da layi ya kusa zuwa kanmu ta ja hannuna a hankali ta ce mu koma gida. Na ɗauka tsoro ne irin na yara. Na ɗaga ta na saka cikin wani jan jirgi, ban ko taɓa kwanon da hannuna ba, alhali tun safe yake shan rana. Ta yi ƙara, inji ya tashi, kiɗa ya rufe muryar. Duk zagayowar da ta yi ina tafi ina kiran ta ta dube ni. Idanunta a rufe, hannuwanta a ɗage sama don kada su taɓa ƙarfen. A zagaye na huɗu na ga kanta ya langaɓe gefe.

Da lilon ya tsaya duk yara suka sauko, ita ba ta motsa ba. Na ɗauko ta, jikinta zafi kamar tukunyar da aka sauke daga murhu, kuma a bushe, ba ɗigon gumi. Wata mai sayar da ruwan sanyi ta juye mana tulunta gaba ɗaya ba ta nemi komai ba, ta nuna mini hanyar asibiti. Na ruga da ita a hannu. Infirmiyen da ya karɓe mu, wato malamin jinya, ya shinshina hannunta ya tambayi wanda ya shafa mata mai. Na ce ni ne. Ya dube ni ya ce ai soya ta na yi. Rigar ta manne da fatar kafaɗa, sai da almakashi ya yanke ta, ina tsaye ina kallon yana bin ɗinkin da na yi da hannuna. Kafin la'asar kafaɗunta da wuyanta da bayan cinyoyinta duk sun yi bororo, har tsagar kitso ba ta tsira ba. Kwana huɗu muka yi, ba wanda na sani a garin, ina zaune a ƙasa ina yi mata fifita da bangon littafi. Da ta farfaɗo sosai, abin da ta fara tambaya shi ne ko jirgin ya tashi da gaske, don ita ba ta ga komai ba. Na ce ya tashi. Sai ta ce kada mu gaya wa Inna, za ta yi mini faɗa.

Labari ya riga mu isa Dakoro. A ƙofar gida na tarar da surukata zaune, baffana a gefe, jaki a ɗaure. Ta buɗe zanen da na lulluɓe yarinyar da shi, ta duba raunukan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da na auri ɗiyarta, ta ɗago ta dube ni cikin ido ta yi mini magana kai tsaye. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kira ni ɗana, ta ce ta san ba mugunta ce ta sa ni ba, amma ta binne ɗaya, ba za ta binne ta biyu ba. Na dubi baffana ko zai ce wani abu, ya kau da kai. Suka jira rana ta yi sanyi, aka ɗora yarinyar a kan jaki. Ta tambaye ni ko ina biye da su, na ce sai Juma'a.

Ba ta sake kwana a gidana ba. Na riƙa zuwa Korahane, a shimfiɗa mini tabarma a zaure, a kawo ta ta gaishe ni, in ba ta ƙyallayen da na tara mata. Da farko takan hau cinyata, daga baya ta koma durƙusawa daga nesa kamar yadda ake gaida baƙo. Ta warke, sai dai tabon kafaɗa da bai ɓace ba. Ta girma a can, ta yi aure a can, yau tana da ƴaƴa. Na sake aure daga baya, Allah bai ba ni wata haihuwa ba. Ba ta taɓa yi mini maganar ranar ba, ba ta riƙe ni da komai ba, amma in tana da damuwa ba ni take nema ba, kuma ban ga laifinta ba.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa so ne ya ja ni. Yanzu da furfura ta cika mini kai na gane ba ita na kai lilo ba, yarinyar da ke cikin kaina na kai, wadda rana ba ta yi wa komai. Ita tawa ta gaske inuwa take so, da ruwa, da uban da zai saurare ta. Don haka ina roƙon duk mai ɗan da rana ke cutarwa, zabiya ne ko mai raunin jiki, in za ku kai shi wurin wasa ku tafi da sanyin safiya ko bayan la'asar. Ku rufe masa jiki da kai ko da tufafin ba su yi muku kyau ba, kada ku shafa masa mai ku fita da shi, ku riƙe ruwa a hannu, ku taɓa duk ƙarfen da zai zauna a kai kafin ku ɗora shi. In kuma ya ce a koma gida, ku juya nan take, ko da saura mutum ɗaya layi ya zo kanku. Tawa sau uku ta gaya mini da bakinta a filin nan, kuma duk ukun na ji ta sarai.