Ni Ne Na Ce Yana da Girman Kai

Da safen nan ina kan babur zan tafi makaranta aka bugo mini waya, wai Malam Ayuba ya rasu. Sai da na gangara gefen hanya na zauna.

Shekara tara muka yi muna koyarwa a sakandare ɗaya nan Zuru, shi Turanci, ni lissafi. Kun dai san ni da surutu. Shi kuwa in ya gaishe ka sau ɗaya, sai ya ja kujerarsa kusurwar ofis.

Wata rana ina wucewa ta tagar ajinsa, na ga ya rubuta kalmomi uku a allo: shy, introvert, extrovert. Na ji yana ce wa yara, "Shy yana son shiga mutane, kunya ce ke riƙe shi. Introvert ba tsoron kowa yake yi ba, hayaniya ce ke gajiyar da shi, sai ya keɓe yake hutawa. Extrovert kuwa..." Ya hango ni, ya nuna taga. "Ga shi nan."

Aji ya fashe da dariya. Ni ma na yi, amma ba har zuci ba.

Domin wata biyu kafin nan, firinsifal ya nemi shawarata kan a ba Malam Ayuba muƙamin mataimakinsa. Ni da bakina na ce, "Ranka ya daɗe, wanga mutum girman kai gare shi, ba ya shiga mutane." Aka ba wani. Har Malam Ayuba ya yi ritaya bai samu ba.

Mutumin da ya ɗauke mini azuzuwana sati biyu lokacin da matata ke kwance a asibiti, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba.

Watan jiya na je gidansa a Rikoto takanas don in faɗa masa gaskiya, in nemi gafara. Awa biyu ina zaune. Na yi hirar tsadar taki, na yi ta siyasa, na yi ta ƙwallo. Abin da ya kai ni kuwa na kasa faɗa.

Ya rako ni bakin ƙofa yana dogara sanda, ya ce, "Ka dawo, Malam Sani. In ka zo gidan nan cika yake yi."

Ban koma ba.

Malam Ayuba, na zalunce ka, kuma abin yana ci mini rai. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya ba iyalinka haƙuri.

Jama'a, don Allah ku sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa mini gafara wurin Allah, tunda wanda ya kamata in roƙa ya tafi.